Auna Saurin Danna Maus da Inganta Shi a Gasar Wasannin Kwamfuta: Abin da Ya Kamata Matasan GRA, Katsina Su Riƙa Aunawa

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan matasa da fasahar zamani, GRA, Katsina

Tsakure

Takardar nan ta duba gwajin nan da ya yaɗu tsakanin masu gasar wasannin kwamfuta, na ƙirga sau nawa mutum zai iya danna maus a cikin daƙiƙa ɗaya. Ta bi diddigin abin da gwajin ke aunawa da abin da yake bari a baya, bisa binciken masana motsin hannu tun daga ƙarni na 19. Matsayinta shi ne, ga ɗan wasan da ke zaune a Katsina, yawan dannawa ne mafi ƙanƙantar abin da ke raba shi da nasara, kuma shi ne mafi haɗari ga hannunsa idan ya sa shi a gaba. Daga nan ta kawo tsarin awo mai sauƙin kuɗi wanda ya dace da yanayinmu, da hanyoyin horo waɗanda bincike ya tabbatar.

Gabatarwa



Ba na jin a Katsina za a sha wahalar gamsar da kowa cewa wasa na iya zama abin da ake ɗauka da muhimmanci. A garin nan Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan ƙwallon dawaki, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya yi suna da shi har ƙasashen waje. Wasannin kwamfuta ma sun kai matsayin da ake horar da mutum dominsu. An raba lambobin yabo a kansu a Gasar Wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou a 2023, kuma babbar gasar da aka yi a Riyadh a 2024 kyautar da aka ware mata ta haura dala miliyan 60.

Yawancin matasanmu a waya suke gasarsu: Call of Duty Mobile, PUBG Mobile, Free Fire, eFootball. Wasu kuma shagon gem suke zuwa su biya su buga ƙwallo a PS. Maus, wato linzamin kwamfuta, baƙo ne a hannun da yawa daga cikinsu. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, sai ga shi a 2017 ta fito da tsarin madannai takwas domin ɗalibi ya iya amsa tambayoyi ba tare da ya taɓa maus ba. Wannan kaɗai ya nuna inda muke.

GRA ta ɗan bambanta. Unguwa ce da Turawan mulkin mallaka suka keɓe a wajen ganuwa, har yau kuma gidajen manyan ma'aikata da ofisoshi da otal-otal ne suka fi yawa a cikinta. Tana cikin wuraren da aka fi samun yaro mai kwamfutar kansa, da sola ko inbata a gida, da intanet wanda ba na waya kaɗai ba. Idan Katsina za ta fitar da 'yan gasar kwamfuta, daga irin waɗannan gidaje za su fara fitowa, da kuma ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Abin da suka koya shi na baya za su kwaikwaya, daidai da kuskure baki ɗaya. Shi ya sa nake ganin gara a yi maganar yanzu.

Abin da ake ƙirgawa

Gwajin ba shi da wuya. Mutum ya buɗe shafi a intanet, ya yi ta danna maus har daƙiƙa biyar ko goma, na'ura ta raba yawan dannawar da yawan daƙiƙoƙin ta ba shi lamba. Mai danna maus yadda kowa ke yi yakan tsaya wajen shida ko bakwai a daƙiƙa. Masu wasan Minecraft ne suka yayata gwajin, don a tsohon tsarin faɗan wasan, wanda ya fi yawan dannawa yakan fi samun damar kai sara.

Daga nan aka ƙirƙiro dabaru. Akwai ta karkarwa, inda mutum zai ɗaure tsokar hannunsa har hannun ya kama rawa, rawar ce ke danna maus, a kan kai goma zuwa sha huɗu. Akwai ta yatsu biyu, manuniya da na tsakiya suna sauka a kan madanni ɗaya, wannan na tashi wancan na sauka, kamar mata biyu masu lugude a turmi guda. Akwai kuma ta jan yatsa a kan madannin, inda gogayyar fata da roba ke sa makunnin ya yi ta tsalle, lambar ta haura ashirin.

Sha'awar wannan lamba ta girmi intanet. Wasan Track & Field na kamfanin Konami, wanda ya fito a 1983, gudun ɗan wasa a cikinsa ya dogara ne ga saurin bugun madanni. A Japan wani ma'aikacin kamfanin Hudson Soft, Takahashi Meijin, ya zama tauraro a shekarun 1980 saboda yana danna madanni sau 16 a daƙiƙa. Likitoci ma suna da nasu gwajin, wanda ya fi waɗannan tsari. Ward Halstead ya shigar da gwajin bugun yatsa cikin gwaje-gwajen lafiyar ƙwaƙwalwa a 1947. Mutum zai yi ta buga wani ɗan makunni da manuniya har daƙiƙa goma, lafiyayyen baligi yakan yi wajen 50 da hannun da ya saba amfani da shi, ɗaya hannun kuma ya gaza da kusan kashi goma cikin ɗari. Abin lura a tsarin nasu shi ne ba sa karɓar gwaji ɗaya. Sai an samu gwaji biyar a jere waɗanda ba su yi nisa da juna ba, da hutu a tsakani, sannan a ɗauki matsakaicinsu. Matashin da ya gwada sau talatin ya ɗauki hoton wanda ya fi kyau ya tura wa abokai, sa'arsa ya auna.

Akwai matsala ta biyu. Lambar da ke fitowa ta hannu ce da ta na'ura a haɗe. Makunnin ƙarfe da ke cikin maus, idan aka danna shi, yakan ɗan yi tsalle-tsalle kafin ya zauna. Masu ƙera maus sukan sa masa ɗan jinkiri na 'yan milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, domin kada kwamfuta ta ɗauki dannawa ɗaya a matsayin uku. Dabarar jan yatsa tana aiki ne kawai a maus ɗin da wannan jinkirin nasa ya yi ƙasa. Tsohon maus da makunninsa ya gaji, ko ƙurar hunturu ta shige shi, shi ma yakan ninka dannawa da kansa. Mutum biyu masu hannu iri ɗaya za su iya samun tara da sha biyar, bambancin duk na maus ne.

Matsala ta uku ita ce wasannin da kansu sun sa iyaka. Minecraft yana lissafin abin da ke faruwa sau 20 a daƙiƙa, kuma wanda aka sara yana samun kariya ta kusan rabin daƙiƙa kafin wani saran ya yi masa illa. Tun fitowar zubi na 1.9 a 2016 aka sa wa makami lokacin hutu tsakanin sara da sara, mai gaggawar dannawa saransa ba ya nauyi. A wasannin harbi irin su Counter-Strike da Valorant, bindiga tana da iyakar saurin fitar da harsashi, kuma dannawar farko ce ke raba gardama. Inda dabarar bugun yatsa ta canza tarihin wasa da gaske shi ne Tetris na tsohuwar na'urar NES. Da dabarar gangara yatsu a bayan abin riƙon ne Willis Gibson, ɗan shekara 13 daga Oklahoma ta Amurka, ya kai wasan har ya tsaya cak a mataki na 157 a watan Disamba 2023. Amma wannan wasa ne da aka gina shi a kan maimaita motsi ɗaya. Yawancin wasannin da yaranmu ke bugawa ba haka suke ba.

Zango huɗu tsakanin ido da sakamako

Daga lokacin da abokin karawa ya leƙo a sikirin zuwa lokacin da wasa ya amince an harbe shi, saƙo yana yada zango huɗu: ƙwaƙwalwa, hannu, na'ura, sai hanyar sadarwa. Kowanne yana cin lokacinsa.

Na farko an daɗe da aunawa. Hermann von Helmholtz ya auna saurin tafiyar saƙo a jijiya a 1850, Franciscus Donders kuma a 1868 ya nuna cewa idan mutum zai zaɓi tsakanin abu biyu, martaninsa ya fi jinkiri a kan idan abu ɗaya yake jira. Matashi mai lafiya yakan ɗauki milisakan 200 zuwa 250 kafin ya mayar da martani ga haske. Kunne ya fi ido ɗan sauri, dalilin da ya sa ke nan ɗan wasa mai hankali ba ya sakaci da abin saurare. A tseren gudu, wanda ya motsa kafin cikar milisakan 100 da tashin bindiga ana ɗauka ya yi riga-malam-masallaci, don an yi ittifaƙi ɗan Adam ba zai ji ya motsa cikin wannan lokaci ba. William Hick a 1952 da Ray Hyman a 1953 sun ƙara da cewa jinkirin yana ƙaruwa da yawan zaɓin da ke gaban mutum. Gogaggen ɗan wasa ya san ta ƙofar da abokin gaba zai fito, ya rage zaɓinsa daga biyar zuwa biyu, ya ci ribar lokacin da babu motsa jikin yatsa da zai ba shi.

Na'ura kuma lissafinta a fili yake. Maus na ofis yana kai rahoto ga kwamfuta sau 125 a daƙiƙa, wato kowane milisakan 8, na wasa yana yi sau 1,000, kowane milisakan ɗaya. Sikirin na yau da kullum yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto milisakan 16.7, mai sau 144 kuma 6.9. Idan kwamfutar ba ta da ƙarfin zana hotunan da sauri, ko zafin Afrilu da ke kaiwa digiri 40 ya sa ta rage gudu don kare kanta, jinkirin ya ƙaru. Haka waya take yi idan ta yi zafi a hannu ana caji ana wasa.

Zango na huɗu shi ne namu na musamman, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. Haske a cikin kebul na zaren gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200 a kowane milisakan. Manyan kebul-kebul na ƙarƙashin teku da Nijeriya ke dogara da su mafi yawansu a Legas suka sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, Equiano na Google a 2022. Tsawon MainOne daga Legas zuwa Fotugal kusan kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan, ko da babu abin da ya tsaya a hanya. A ƙara tazarar Katsina zuwa Legas, wadda ta hanyar da ake shimfiɗa kebul ta haura kilomita 1,000, an samu wasu goma. Saboda haka ɗan wasan da ke GRA yana karawa ta wannan hanya a sabar da ke Turai, wato babbar kwamfutar da ke gudanar da wasan, ba zai sauka ƙasa da milisakan 80 ba, kafin a sa jinkirin turken sabis, da cunkoson dare, da sauran tafiyar da ke cikin Turai kanta. Wannan iyaka ce ta saurin haske a kebul, babu kuɗin da zai cire ta sai dai a gajarta hanyar ko a matso da sabar kusa.

Yanzu a kwatanta. Wanda ya yi watanni yana horo ya ɗaga dannawarsa daga bakwai zuwa goma a daƙiƙa, ya rage tazarar da ke tsakanin dannawa biyu daga milisakan 143 zuwa 100. Ribarsa 43, kuma a dannawa ta biyu take zuwa, ba ta farko ba. Abokin karawarsa da ke Frankfurt ya riga shi da ninkin wannan tun kafin a fara. Ina faɗin haka ne don in cire wa yaranmu zargin kai. Da yawa suna ganin hannunsu ne ke da nawa, alhali nisan ƙasa ne. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa intanet ya yi rauni a faɗin Afirka ta Yamma, ya san yadda muka rataya ga waɗannan igiyoyi. Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ya kuma sauƙaƙa wa wasu gidaje, amma shi ma bai rage nisan Turai ba.

Dokar Fitts

Zango na biyu, wato hannu, shi ne inda horo ke da amfani, kuma shi ne gwajin dannawa ya fi zalunta. A 1954 Paul Fitts, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya sa mutane suna kai sanda tsakanin faranti biyu cikin sauri, yana canza nisan farantan da faɗinsu. Ya gano cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya isa wuri ya dogara ga abu biyu: nisan wurin da girmansa. A 1978 Stuart Card da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Xerox sun nuna cewa maus, wanda Douglas Engelbart ya nuna wa duniya a San Francisco a Disamba 1968, yana bin wannan doka sau da ƙafa. Scott MacKenzie ya gyara lissafin zuwa yadda ake amfani da shi yau, har ya shiga ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 9241.

Ga yadda yake. A raba nisa da faɗi, a ƙara ɗaya, a tambaya sau nawa za a ninka biyu kafin a kai wannan lamba. Amsar ita ce wuyar abin, ana ƙirga ta da bit. Abin da ke nisan ɗigo 300 a sikirin mai faɗin ɗigo 100: uku da ɗaya huɗu, bit biyu ke nan. Idan nisan bai canza ba amma faɗin ya koma ɗigo 20, kamar kan abokin gaba daga nesa: sha biyar da ɗaya sha shida, bit huɗu. Gwaje-gwajen da aka yi bisa wannan ma'auni sun nuna mai amfani da maus na yau da kullum yana cin bit huɗu zuwa biyar a daƙiƙa. Wato na farkon zai ci masa kusan rabin daƙiƙa, na biyun kusan daƙiƙa guda. A nan ɗaruruwan milisakan suke kwance, ba a tsakanin dannawa da dannawa ba.

Kyawun wannan ma'auni shi ne ba a iya yaudararsa. Yana lissafa inda dannawar ta sauka, saboda haka wanda ya ƙara gudu ya riƙa kuskure lambarsa ba za ta tashi ba. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa, kuma a nan ana iya ganinsa da alƙaluma: hannun da ya zarce abin da yake nema sai ya dawo, dawowar ta fi cin lokaci a kan da ya tafi a natse. Dabarar karkarwa kuwa kai tsaye take cin karo da wannan doka, don hannun da aka ɗaure yana rawa ba zai iya saiti ba.

Akwai wani bincike da ya kamata matasa su sani. A 2014 Joseph Thompson da Mark Blair da Andrew Henrey na Jami'ar Simon Fraser a Kanada sun nazarci bayanan 'yan wasan StarCraft II su 3,305. Sun ga cewa lokacin da ke tsakanin kallon abu da ɗaukar mataki yana fara tsawo daga kusan shekara 24. Amma sun ga manyan suna cike giɓin da dabara, suna amfani da gajerun hanyoyin madannai fiye da ƙananan. Saurin jiki yana da lokacinsa, sanin wasa shi ke daɗewa.

Tsarin awo da ya dace da Katsina

Abin da nake ba da shawara shi ne a auna kowane zango shi kaɗai, da kayan da muke da su.

Martanin ido ana iya auna shi da rula. Wani ya riƙe ta a tsaye, mai gwaji ya buɗe yatsu a ƙasanta, a sake ta ba sanarwa. Idan ya cafke a santimita 20, martaninsa kusan milisakan 200 ne, don abin da ke faɗuwa lokacin da yake ɗauka ke nan kafin ya ci wannan tazara. Ba ya buƙatar wuta, kuma jinkirin sikirin ba ya shiga ciki. Jinkirin na'ura kuma, wayar da ke ɗaukar bidiyo mai hoto 240 a daƙiƙa ta isa. A ɗauki yatsa da sikirin a hoto ɗaya, a ƙirga hotunan da ke tsakanin saukar yatsa da fitar harbi, kowanne milisakan 4.2. Hanyar sadarwa wasannin da kansu suna nuna lambarta, abin da kowa ke kira ping. A rubuta ta da safe, da la'asar, da bayan isha'i, har mako guda, kuma a lura da yadda take tsalle, don ping mai tsayawa a 110 ya fi mai yawo tsakanin 80 da 200 sauƙin sabawa.

Hannu kuwa a yi masa gwaji biyu. Na Fitts, da da'irori masu girma da nisa daban-daban, a rubuta lokaci da yawan kuskure tare. Sai na dannawa, amma bisa tsarin likitoci: daƙiƙa goma, sau biyar, hutu a tsakani, hannu biyu, maus ɗaya ga kowa, a ɗauki lambar tsakiya. A ƙara gwaji ɗaya na minti guda don a ga inda gajiya ke farawa. Idan ana ajiye tazarar kowace dannawa, mai amfani da manhajar da ke danna masa da kanta zai tonu, don tazarar ɗan Adam ba ta taɓa zama daidai wa daida.

Dole a rubuta yanayin da aka yi gwajin. Sanyin safiyar Janairu yana ƙanƙame yatsu yana rage saurinsu, zufar bazara tana sa maus santsi, mai azumi da la'asar ba daidai yake da kansa bayan shan ruwa ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan rage ƙarfinta da zarar an ɗauke wuta ta koma kan batir. Wanda bai rubuta waɗannan ba zai ɗauka horo ne ya yi aiki ko ya gaza, alhali lokaci ne ya juya. Kuma duk wanda ya maimaita gwaji yakan inganta a kwanakin farko saboda sabo da gwajin kansa, don haka kada a fara ƙirge sai bayan 'yan kwanaki.

Horo

Kafin a horar da hannu a gyara abin da ba ya cin ko kwabo. A kashe saitin Windows da ke ƙara wa kibiya gudu gwargwadon saurin hannu, domin tazara ɗaya a tebur ta riƙa ba da tazara ɗaya a sikirin kullum. A zaɓi saurin kibiya guda a tsaya a kansa. Mai canzawa kowane mako yana rushe abin da hannunsa ya koya. A haɗa kwamfuta da kebul maimakon Wi-Fi idan da hali, a zaɓi sabar da ta fi kusa, a samu shimfiɗar maus mai faɗi wadda za ta bar gwiwar hannu ta yi babban motsi, wuyan hannu ya yi ƙarami.

Game da tsawon horo, akwai tsohon bincike da har yau ba a ture shi ba. A 1978 Alan Baddeley da D. J. A. Longman sun koya wa ma'aikatan gidan waya na Birtaniya buga keken rubutu. Waɗanda suka yi awa ɗaya a rana sun koya cikin awoyi kaɗan fiye da waɗanda suka yi awa huɗu a rana, kuma sun fi riƙe abin. A 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa a Harvard sun koya wa mutane jerin bugun yatsu, suka ga saurinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari bayan barcin dare, ba tare da ƙarin horo ba, kuma kuskure bai ƙaru ba. Waɗanda suka yi awoyi iri ɗaya a farke ba su samu wannan ba. Yaron da ke kwana yana wasa saboda da dare ne data ke araha ko netwok ke sauƙi, yana zubar da ribar horon ranarsa. Minti ashirin zuwa talatin a manhajar saiti irin Aim Lab ko KovaaK's ko osu!, a fara da manyan da'irori a hankali, kada a ƙara gudu sai kuskure ya yi ƙasa, sannan a kwanta da wuri, ya fi kwanan zaune.

Sai maganar ƙwaya, wadda ba zan tsallake ba. Ƙungiyar gasa ta ESL ta fara gwajin ƙwaya ga 'yan wasa a 2015. Mu a nan mun san ɓarnar da kodin da taramol suka yi wa matasa, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018. Duk wata ƙungiyar wasa da za a kafa a garin nan ta rubuta wannan a dokarta tun ranar farko. Haka dokar kayan aiki: kamfanin Valve a Agustan 2024 ya haramta wa masu Counter-Strike 2 madannai masu yi wa ɗan wasa wani motsi da kansu. Ƙaramar gasa a Katsina ma tana buƙatar ta faɗi irin maus da dabarar da ta yarda da su kafin a zauna.

Lafiyar hannu

Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu suna ratsa wani ɗan ƙunci a wuyan hannu tare da jijiyar da ke kai ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Maimaita motsi ɗaya da ƙarfi na tsawon lokaci yana iya kumbura su, su matse jijiyar, mutum ya fara jin yatsunsa suna mutuwa ko tsira-tsira, musamman da dare. Masu wasa a waya nasu ciwon a gindin babban yatsa yake, irin wanda likita Fritz de Quervain ya bayyana tun 1895. Jian Zihao na ƙasar Sin, wanda ake kira Uzi, ɗaya daga cikin fitattun 'yan League of Legends, ya sanar da ajiye wasa a 2020 yana da shekara 23, ciwon hannu na cikin dalilansa. Thomas Paparatto, ɗan wasan Call of Duty, ya ajiye a 2021 yana da shekara 25 saboda babban yatsa. Waɗannan suna da likitoci da masu gashin ƙashi a ƙungiyoyinsu. Yaronmu ba shi da kowa sai mai kyamis na bakin layi, wanda zai ba shi maganin kashe zafi ya koma ya ci gaba.

Shi ya sa nake roƙon iyaye da malamai da masu shagunan gem su hana dabarar karkarwa ga yara kwata-kwata, don ita ce ke ɗaure tsoka gaba ɗaya a kan ribar da muka ga ba ta taka kara ta karya ba. Wuyan hannu ya zauna a miƙe, gwiwar hannu ta samu abin jingina, a tashi a miƙe kowane rabin awa. Ciwon da ya wuce kwana biyu ko uku, ko mutuwar yatsu, a dakatar da wasa a je asibiti, akwai sashen gashi da motsa gaɓɓai a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma sanya jarabar wasan kwamfuta cikin kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022. Alamarta ba yawan awoyi ba ce kaɗai, ita ce wasa ya ture karatu da salla da barci da mutane, mutum yana ganin illar ya kasa bari.

Aikin da ya rage na jami'o'inmu ne. Sashen kimiyyar kwamfuta zai iya ba ɗalibin ajin ƙarshe aikin rubuta manhajar gwajin Fitts da umarninta da Hausa, wadda za ta yi aiki ba tare da intanet ba, a maus da kuma a fuskar waya. Sashen ilimin motsa jiki da na lafiya su tsara yadda za a ɗauki bayanan, da izinin iyaye ga duk wanda bai kai shekara 18 ba, ba tare da rubuta sunan kowa ba. Cibiyoyin jarrabawar JAMB suna da ɗaruruwan kwamfutoci iri ɗaya da ke zaune mafi yawan watannin shekara, kuma sun fi ko'ina dacewa da irin wannan awo. A fara da GRA, inda masu maus suke, amma a haɗa da yaran Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Marusa da Sabuwar Unguwa, maza da mata, domin a ga nawa ne daga bambancin da ke tsakaninsu na hannu, nawa ne na kayan aiki. Gasar farko kuma a yi ta a ɗaki ɗaya, kwamfutocin a haɗe da kebul, yadda babu saƙon da zai je Legas balle Turai.